Wa ya ci tseren, babur ko wanda ke kansa?

A shekarar 2024 Jared Mees ya ɗauki kambun tseren babura na turɓaya a Amurka karo na goma, ya wuce Scott Parker mai tara, sannan ya ajiye takalminsa na ƙarfe ya yi ritaya. Tun kafin ƙura ta lafa aka tono tsohuwar gardama. Wasu suka ce ba a taɓa yin mahayi kamarsa ba. Wasu suka ce a daina yaudarar kai, kambu shida daga cikin goman nan babur ne ya ci su, wato Indian FTR750, shi Mees ɗora shi kawai aka yi a kai. Masu magana ta biyun suna da abin kamawa, ba zan hana su ba. Sai dai a ganina sun ɗauki rabin zancen ne, kuma rabin da suka bari a ƙasa ya fi nauyi.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, tseren da Amurkawa ke kira filat tirak ana yin sa ne a kan ƙasa tsurarta, a fili mai siffar ƙwai, ana zagayawa ta hagu. Da yawa daga cikin filayen nan na sukuwar dawakai ne tun asali, shi ya sa har yau da mil ake auna su: akwai na mil guda, akwai na rabin mil, akwai gajere, sai kuma wanda suke kira TT, mai kwanar dama da tudun da babur ke tashi sama. In ba a TT ba, babur ɗin ba shi da birkin gaba. A Springfield ta jihar Illinois, inda ake yin mafi shaharar tseren mil guda, gudu kan kai kilomita 220 a awa kan miƙaƙƙiyar hanya, kuma da wannan gudun mutum zai tunkari kwana. Ya sassauta totur, ya kwantar da babur, ya bar tayar baya ta zame gefe, ya sauke ƙafar hagu mai sanye da takalmin ƙarfe tana gogar ƙasa. Zamewar ce birkinsa, ita ce kuma sitiyarinsa.

A nan ne wasan ya rabu da tseren kwalta. Kwalta tana riƙe taya, don haka duk ƙarfin da ka ƙara wa inji kusan za ka gan shi a agogo. Ƙasa kuwa tana da iyakar abin da za ta karɓa. Da zarar ka wuce wannan iyaka sai taya ta kama juyawa a banza tana watsa wa na baya tsakuwa, ƙara ta yi yawa, tafiya ta ragu. Duk wanda ya taɓa murɗa totur da ƙarfi a cikin rairayi ya san yadda babur ke haƙa wa kansa rami. Saboda haka idan aka ce wani babur ya fi saura a wannan wasa, ba yawan ƙarfin doki kaɗai ake nufi ba. Ana nufin yadda yake sauke ƙarfin a ƙasa, a hankali ko da fizga, da yadda mahayi ke jin tayar baya a hannunsa na dama.

To, bari in fara da ba abokan gardamata haƙƙinsu, domin tarihi ya tara musu hujjoji. An kafa babbar gasar ƙasa a 1954, Joe Leonard ya fara ɗaukar kambu a kan Harley-Davidson. A wancan zamanin doka ta yarda injin mai bawul a gefe ya kai 750cc, mai bawul a sama kuma kada ya wuce 500cc. Harley na ƙera irin na farko, kamfanonin Ingila irin su Triumph da BSA suna ƙera irin na biyu. Kowa ya san wa dokar ta yi wa daɗi. Da aka daidaita ta a 1969, kowa ya samu damar kawo 750cc, sai Gene Romero ya ci kambun 1970 a kan Triumph, Dick Mann ya ci na 1971 a kan BSA. Harley ta koma gareji ta fito da XR750, ta gyara shi da silinda na alminiyam a 1972, daga nan zuwa 2008 ya ɗauki kambu 29 cikin 37. Honda ta zo da RS750 mai bawul huɗu a kowace silinda, ta kwashe kambu huɗu a jere daga 1984 zuwa 1987. Sai Indian a 2017. Kada sunan ya ruɗe ka, ba shi da haɗi da ƙasar Indiya da ke aiko mana da Bajaj, tsohon kamfanin Amurka ne da ya durƙushe a 1953, kamfanin Polaris ya sayi sunan a 2011 ya farfaɗo da shi. A kakarsa ta farko FTR750 ya ci tsere 14 cikin 18, mahayansa uku suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. A 2018 ya ci 17 cikin 18. A daidai lokacin, tawagar Harley da sabon babur ɗinta XG750R tana can baya tana shan ƙura, alhali mahayanta ba ƙyalle ba ne.

Wanda ya kalli wannan jeri ya ce babur ba ya tasiri, gardama kawai yake ji. Musamman a filin mil guda, inda mahaya ke laɓewa a bayan juna don kauce wa iska, sannan su fito su wuce daf da layin ƙarshe. Idan injinka ya gaza na abokin karawarka da doki biyar, za ka iya fin sa iya kwana sau ashirin da biyar, shi kuma ya wuce ka sau ashirin da biyar a miƙe. Na ƙarshen ne ake rubutawa.

Amma akwai wani dare a Indianapolis, a watan Agustan 1975, da nake ganin duk mai son wannan gardama ya kamata ya tsaya a kansa. Kenny Roberts ya ci kambun 1973 da na 1974 a kan Yamaha. Zuwa 1975 XR750 ya yi wa Yamaharsa mai silinda biyu nisa, duk gwanintarsa ba ta rufe tazarar ba. Wannan ma hujja ce ga masu cewa babur ne. Sai bakanikensa Kel Carruthers, wanda shi ma tsohon zakaran duniya ne, ya haɗa masa wani abu da hankali bai ɗauka ba: injin TZ750 mai silinda huɗu, na tseren kwalta, mai ƙarfin doki sama da 100 da tazara, aka cusa shi a jikin babur ɗin turɓaya. Ƙarfinsa ya fi na kowane Harley a filin nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce taya ta ƙi kama ƙasa. Har maɓalli aka sa masa a hannu wanda zai kashe silinda ɗaya idan ya shiga kwana, don a rage wa abin hauka. Roberts ya fara tseren a baya. Ya bar layin da kowa ke bi, ya haura can gefen waje inda ƙasa ke da laushi, yana gogar damman ciyawar da aka jera a bakin shinge, yana tsintar mutane ɗaya bayan ɗaya. A zagayen ƙarshe ya fito daga kwana ta huɗu a bayan mahayan Harley biyu, Corky Keener da Jay Springsteen, ya wuce su a kan layi. Da ya sauka ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, cewa kuɗin da ake biyan sa bai kai ya hau wannan abin ba.

Yanzu a wane gefe za a ajiye wannan dare? Ba don ƙarfin injin ba da bai wuce su a mitocin ƙarshe ba. Amma an haɗa wa wasu mahaya irin wannan babur a lokacin, ba su yi komai da shi ba. Shi kansa Roberts bai sake cin tsere a kansa ba, kambun shekarar ma Gary Scott ne ya ɗauka a kan Harley, hukuma kuma ta haramta babur ɗin bayan kakar. Wato babur mafi ƙarfi a filin a wancan zamanin ya ci tsere guda ɗaya tak, a hannun mutum guda. Mutumin nan ya tsallaka Turai ya ci kambun duniya na 500cc sau uku a jere, 1978 zuwa 1980, da salon zamar da tayar baya da ya koya a turɓaya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta da armashi kamar wannan labari, amma ta fi shi ƙarfi. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa, to a wannan wasa an sha samun ƙasa. XR750 ba sirrin kamfani ba ne, sayar da shi aka riƙa yi, kuma shekaru da dama kusan duk wanda ya jeru a layin farawa shi yake kai. Idan babur ne ke cin tsere, ya kamata a ce nasara ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Ba haka aka yi ba. Scott Parker ya ci kambu huɗu a jere daga 1988 zuwa 1991, ya sake cin biyar a jere daga 1994 zuwa 1998, ya tara nasara 94. Za a ce ai shi ɗan tawagar kamfani ne, kayansa sun fi na saura. Na yarda. To Chris Carr fa, wanda suke tawaga ɗaya? A 1991 maki ɗaya suka tashi da shi, aka ba Parker don ya fi yawan nasarori. A 1992 Carr ya karɓe. Babur iri ɗaya, kamfani ɗaya, kuma abin da ya raba su bai wuce kaurin gashi ba. Wannan ba aikin inji ba ne.

Haka zancen Mees yake. Kafin a san za a ƙera FTR750 ya riga ya ci kambu huɗu a kan XR750, a 2009 da 2012 da 2014 da 2015, lokacin da fili ke cike da irin babur ɗin. Shi ma FTR750 an sa shi a kasuwa a kan dala 50,000, kuma zuwa 2018 duk mai neman sahun gaba da ke da hali ya saya. Fili ya cika da Indian, Mees ya ci tsere goma a wannan kakar. Da aka zo 2019 da 2020 aka ƙwace masa kambu, wanda ya ƙwace shi Briar Bauman ne, a kan irin babur ɗin sak. Mees ya dawo ya karɓa a 2021, bai sake saki ba har ya bar wasan. Idan aka ce Indian ya ci kambu takwas a jere gaskiya ne. Amma mutum biyu ne kaɗai suka ci su, cikin jerin mutanen da ke da babur ɗin. Abin da babur mai kyau ke saya maka shi ne wurin zama a cikin mutum biyar ko shida da za su iya cin tseren ranar. Wanda zai fita daga cikinsu da tutar nasara, wannan kuɗi ba ya sayen sa.

Akwai kuma mutum na uku da masu gardamar ke mantawa da shi, kuma wannan mantuwa tana ba ni haushi, wataƙila don na san yadda ake raina mai baƙin mai a hannu ko'ina. Bill Werner ne ya riƙe wa Gary Scott sifana a 1975, shi ya riƙe wa Springsteen a kambunsa uku na 1976 zuwa 1978, shi ya riƙe wa Parker a duka taran. Kambu 13 ke nan a hannun bakanike guda. Kenny Tolbert ya yi wa Carr aiki a shekarun da ya tara kambu bakwai, daga baya ya koma wurin Mees. Filin turɓaya ba ya kwana yadda ya wuni. Da rana an yayyafa masa ruwa yana da danshi, kafin dare ya bushe, roba ta kwanta a wani siririn layi mai sheƙi, wajen layin kuma santsi kamar an zuba kuɓewa. Wani filin yumɓu ne mai tauri, wani kuma ƙananan tsakuwa ne masu zurfi. Tsakanin zagayen gwaji da babban tsere sai an yanke shawara: a ƙara haƙori ɗaya a faifan sarƙa ko a rage, iska nawa za a bari a taya, a matsar da tayar baya gaba ko baya, a tausasa shakazoba ko a ƙara mata tauri. Mahayi ne zai sauko ya faɗi abin da ya ji, bakanike ya fassara shi zuwa ƙarfe. Idan babur ya fita yana tafiya kamar a kan layin dogo, mai kallo zai ce inji ne. Alhali abin da yake gani hirar mutum biyu ce da aka yi a bayan tanti. To a wane ma'auni za a sa wannan, na babur ko na mutum? Ni a na mutum nake sa shi.

Filin TT na Peoria, shi ma a jihar Illinois, ya isa misali a taƙaice. Carr ya ci shi sau 13. Henry Wiles, wanda bai taɓa ɗaukar babban kambun gasar gaba ɗaya ba, ya ci shi sau 14 a jere, a kan babura daban-daban. An sauya doka, an sauya inji, ana zuwa Peoria sai a miƙa masa. A 2019 kuma, lokacin da Indian ke cin karensa babu babbaka, JD Beach ya doke su a TT da Yamaha.

Su kansu manyan mahayan tseren kwalta sun san inda gizo ke saƙa. Valentino Rossi ya gina filin turɓaya a garinsu Tavullia yana horar da yaransa a can. Marc Márquez ya farfaɗo da gasar Superprestigio a Barcelona a 2014, inda aka riƙa hawa ƙananan babura masu kusan ƙarfi ɗaya, shi da Ba'amurke Brad Baker suka riƙa karɓe-karɓe, wannan ya ci bana, wancan ya ci baɗi. Mutanen da ke hawa babura mafi tsada a duniya, cike da na'urorin da ke hana taya zamewa, idan suna son wasa hannunsu turɓaya suke komawa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wurin masu doka. Duk lokacin da wani kamfani ya yi aikinsa da kyau, sai a nemi hanyar shaƙe shi. An yi wa Honda haka a 1987 da dokar ƙuntata maƙogwaron kafireta, wadda ta fi cutar da injinta, ba a jima ba ta tattara tawagarta ta tafi. An yi wa Indian haka kashi-kashi: a 2019 aka ba injinan da aka ciro daga baburan kasuwa damar ƙara girma, a 2022 aka ƙuntata wa FTR750 hanyar shaƙar iska aka kuma sa wa juyawar injinsa iyaka, daga 2025 kuma aka ce babban rukuni sai injin da ya fito daga babur ɗin da ake sayar wa jama'a, wato an sallame shi ke nan. Indian ta ƙera babur ɗinta ne bisa dokar da ta tarar a rubuce. Laifinta kawai ta fi kowa karanta ta.

Duk da haka ba zan ce masu dokar ba su da uzuri ba, sai dai uzurin nasu ba shi ne wanda magoya baya ke faɗa ba. Ba don a gano gwanin gaske aka yi ba, domin gwanin ya riga ya bayyana, an ƙuntata babur ɗin Mees ya ci gaba da ɗaukar kambu uku a kansa. Maganar kuɗi ce. Wasan nan tun asali na masu ƙaramin ƙarfi ne, uba da ɗa su ɗora babur a bayan mota su kwana suna tuƙi zuwa filin baje kolin wata ƙaramar hukuma. Idan kuɗin shiga sahun gaba ya zama dala 50,000 kafin a sayi taya ɗaya, ga kuma na biyu na ko-ta-kwana, to yaron da ke da hannu amma ba shi da uban gida ba za a taɓa ganin sa ba. Kuma sauran kamfanoni ba za su zuba kuɗi a gasar da suka san sakamakonta ba. Bryan Smith ya ci kambun 2016 da injin da aka ciro daga Kawasaki Ninja 650, babur ɗin da kowa zai iya shiga shago ya saya. Idan sabuwar dokar za ta dawo da irin wannan, ta ƙara yawan mutanen da ke da damar gwada hannunsu, zan haɗiye ƙorafina. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a fake da ita a rage darajar kambunan da aka ci kafin ta.

Ga masu ganin cewa da an shaƙe babur an gama da mahayinsa, akwai Ricky Graham. Ya ci kambun 1982 a kan Harley, ya ci na 1984 a kan Honda, sannan rayuwa ta yi masa juyin waina, shekaru suka wuce ana ganin nasa ya ƙare. A 1993 ya dawo a ƙaramar tawaga mai zaman kanta, tare da bakanike Johnny Goad, a kan RS750 ɗin nan da doka ta ƙuntata, kamfaninsa kuma ya juya masa baya. A gabansa akwai Parker da Carr, dukansu a ganiyarsu, da kuɗin Harley a bayansu. Ya ci tsere 12 a wannan kakar, shida daga ciki a jere, ya ɗauki kambu. Shekarar da ta biyo baya RS750 yana nan, dokar tana nan, Parker ya karɓe abinsa.